Wai dole sai da maki ake gane yaro ya iya?

Malamin Lissafi:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ne ya tsaya min a rai tun daren jiya. Ina zaune ina makin takardun 'yan aji ɗaya na jami'a, ba wuta sai fitilar waya, na zo kan wani yaro na haɗa masa CA (wato makin tes da aikin aji na cikin samista) da jarrabawa ya tashi 38. Wanda yake bin sa a lamba ya tashi 40 cif, wanda shi ne makin ci. Kun ga kenan ɗaya ya sha, ɗaya zai dawo baɗi ya zauna da ƙannensa. To na san yaran nan su biyu. Mai 38 ɗin shi yake riƙe wa babansa littafin shago a Kantin Kwari, ranar da muka yi darasin kaso cikin ɗari kafin in gama rubuta tambayar a allo ya faɗi amsa da ka, kuma shi nake gani a gindin darbejiya yana koya wa 'yan ajinsu. Ranar tes ɗin farko aka yi musu rasuwa bai zo ba, bai kuma kawo takardar uzuri a kan lokaci ba, sifili na sa masa. Mai 40 kuwa ɗan zaman baya ne da latse-latsen waya, amma bai taɓa fashin tes ba, ya tsinci uku nan huɗu can har ya haye.

Abin da nake tunanin gwadawa samista mai zuwa shi ne in raba kwas ɗin gida goma, kowanne gida abu ɗaya ne da nake so yaro ya iya yi da hannunsa, misali ya iya warware lissafin da ke da harafi biyu da ba a sani ba, ko ya iya zana giraf ya faɗi abin da yake nufi. Kowanne gida ba maki, ko dai "ya iya" ko "da saura". Wanda aka ce masa da saura yana da damar sake gwadawa sau biyu da wata tambayar daban. Ƙarshen samista kowanne gida da ya ci maki 3 ne, goma sau uku 30, shi ne CA ɗin da makaranta ta ba ni iko a kai. Saba'in ɗin jarrabawa kuma ba ni da ta cewa. Akwai wanda ya taɓa gwada irin wannan? Ko mafarki nake da rana tsaka?

Abu Walid:
Wa alaikumus salam. Malam kafin a tafi da nisa, maki 2 ne fa kacal. Ka ɗaga wa yaron nan mana, wa zai sani?

Malamin Lissafi:
Ni zan sani ai. Kuma masu 38 da 39 a takardar nan sun kai goma sha, in na ɗaga wa wanda na sani su kuma laifinsu shi ne ban san babansu ba?

Tsohon Hedimasta:
Malam Allah ya yi maka albarka da wannan amsar. Amma bari in ɗan ja ka baya. Wannan CA ɗin da kake son gyarawa ita kanta gyara ce aka kawo. Tsarin ilimi na ƙasa na 1977 shi ya shigo da ita, da aka fara 6-3-3-4 a 1982 muka sha bita a kanta har muka gaji. Cewa aka yi kada a ƙara yanke wa yaro hukunci da zaman awa biyu ko uku, a riƙa bin sa tun farkon zango, a duba abin da ke kansa, a duba halinsa, a duba abin da hannunsa ya iya. Magana mai daɗi kamar taka. Yau me ta koma? Tes biyu da duba littafi. Bayan katin sakamako inda aka rubuta tsafta, ladabi, zuwa a kan lokaci, da idona na ga malamin aji ya cike na yara tamanin a dare ɗaya, kowa ya ba shi huɗu, wanda yake ƙi ya ba shi uku. Ban ce kada ka gwada ba, amma ka sani ba tsarin ne yake kashe mu ba, yawan yara ne da ƙarancin malami.

Gardin Fagge:
Allah ya gafarta malamai, ni abin dariya ma ya ba ni, don abin da Malam ya zayyana ai karatun allo ne aka sa wa wando da kwat. Mu tun muna kolo ba a taɓa ce mana ka ci sittin cikin ɗari a Fatiha ba. Ka zo ka biya, in ya zauna malam ya ce je ka wanke, a yi maka ƙari. In bai zauna ba allonka yana nan da rubutunsa, gobe ka dawo, jibi ka dawo, ba wanda zai rubuta a littafi cewa ranar Talata ka kasa. Daga babbaƙu ka je farfaru, daga nan zube, ba mai tsallaka ɗaya don shekara ta ƙare. Kuma ranar sauka ba a tambayar sau nawa ka maimaita Tabbat yada. Ku 'yan boko ne kuka ɗaure lokaci kuka saki iyawa, wato dole a gama a sati goma sha biyar ko an iya ko ba a iya ba. Mu kuwa iyawar muka ɗaure muka saki lokacin.

Malama Mai Turanci:
Gardi wallahi ka faɗi abin da masana suka daɗe suna rubutawa. Wani Ba'amurke Benjamin Bloom tun 1968 ya kawo wannan maganar, cewa mafi yawan yara za su iya kaiwa matakin ƙwarewa in aka ba kowa lokacin da yake buƙata, aka gwada shi, aka nuna masa inda ya kuskure, aka sake gwada shi kafin ya wuce gaba. Mu da muke da abin a zaure sai mun ji shi daga bakin Bature sannan mu yarda hhhh

Tsohon Hedimasta:
Gardi tsaya, kada ka ci mu da baki. Na yarda allo ba a wanke shi sai an iya. Amma faɗa min, cikin waɗanda kuka fara babbaƙu tare mutum nawa ne suka sauke? Wanda allonsa ya ƙi wankuwa wata da watanni ai sulalewa yake ya kama tura baro, ba a rubuta masa F ba amma ya faɗi. Na biyu, ku ma da kuka tashi tantance gwani na gwanaye ai maki kuka koma. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa da jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara a 1986, alƙalai ne a zaune da biro, a buga maka ƙararrawa a zare maki, har rabin maki yana raba na ɗaya da na biyu.

Gardin Fagge:
Baba gaskiyarka a ta farko, ba zan musa ba, mun rasa da yawa a hanya. Amma musabaƙa gasa ce, an zo ne don a fitar da na ɗaya a ba shi kyauta. Aji kuwa ba gasa ba ne, ko ba haka ba? Matsalar ku kun mayar da kowacce ranar karatu musabaƙa.

Maman Hanifa:
Wannan magana ta Gardi ta taɓa ni. 'Yata tana aji huɗu na firamare, zangon da ya wuce ta zo ta uku, wanda ya wuce kafin shi ta biyu. Wallahi tun daga bakin get take kuka har gida, abinci ma ƙin ci ta yi. Da na zauna na duba katin, makinta na lissafi ya ƙaru ne ma, daga saba'in da wani abu ya haura tamanin, kawai wata sabuwar yarinya ce aka kawo ajin. Babanta kuma da ya dawo daga kasuwa tambayarsa ɗaya, ta nawa kika zo? Ba wanda ya tambaye ta me kika iya yanzu wanda da ba ki iya ba, har ni uwarta sai daga baya. Ni da za a cire wannan na ɗaya na biyun a firamare da na fi kowa murna.

Abu Walid:
Hajiya a cire kuma? To mu da me za mu gane kuɗin makarantar da muke biya yana aiki? Ni fa ban iya duba littafin yaro ba, lambar nan ita ce idona.

Maman Hanifa:
Alhaji lambar tana gaya maka ɗanka ya fi 'ya'yan wasu ne kawai. In duk ajin ba su iya karatu ba ai dole a samu na ɗaya a cikinsu.

Jami'in Jarrabawa:
To bari mu da muke tattara sakamako mu sa baki, don a kanmu abin yake ƙarewa. Malam ɗalibai nawa ne a kwas ɗin naka? In irin namu ne na 'yan aji ɗaya, ka ce 420. Gida goma, kowanne ka ba shi minti 2 na dubawa, minti 8,400 kenan, awa 140. Wannan fa in kowa ya ci a karon farko. In rabinsu suka dawo sake gwadawa ka ƙara awa 70 a kai. Kwas nawa kake ɗauka? Ga furojet ɗin 'yan aji huɗu, ga mitin, ga gida.

Na biyu kuma shi ne inda gizo yake saƙar. In yaro yana da damar maimaitawa har sau uku, mafi yawansu za su tashi da 27 ko 30 a CA. Mai 30 maki 10 kawai yake nema cikin 70 ya haye 40. Ranar da ka kawo min takarda na ga rabin aji da CA 30 amma jarrabawa 15, 18, 12, ni kaina sai na dawo maka da ita kafin ta je gaban kwamiti, balle mai duba jarrabawa na waje ya gani. Cewa za a yi rabon maki ka yi.

Malamin Lissafi:
Ranka ya daɗe lissafinka daidai ne, 380 ne ajin, bambancin ba yawa. Maganar awoyi ba ni da amsarta tukuna. Amma ta biyun ina ganin ita ce ma gwajin tsarin. In na ce yaro ya iya abu goma, ya shiga jarrabawa a kan abubuwa goman nan ya kawo 12 cikin 70, to ni ne maƙaryaci, "ya iya" ɗin nawa ba ta da nauyi, sai in tsaurara. Kuma "ya iya" a wurina ba rabin amsa ba ce. Yanzu yaro yana rubuta fomula ya tsaya mu ba shi maki 2 na tausayi, ya yi haka a tambaya goma ya haye bai warware ko ɗaya ba. A wannan tsarin sai ka kai ƙarshe kuma hanyarka ta yi daidai. Ina ma tsoron akasin abin da kake tsoro ne zai faru, CA ɗin ta yi ƙasa.

'Yar Aji Uku:
Assalamu alaikum iyayena da malamaina, ku yi haƙuri in sa baki a matsayin wadda abin zai faɗa wa a ka. Ni wallahi duk tsarin da zai ƙara wa lakcara iko a kaina tsoronsa nake. Yanzu ko ba komai in na ga 44 zan iya cewa a sake duba takardata, akwai lamba, akwai makin sikim, wato takardar da ta tsara yadda ake raba maki. Amma in mutum ɗaya ne zai kalle ni ya ce "da saura", ina zan kai ƙara? Mun ga wanda in ba ka sayi handawut ɗinsa ba sunanka ba ya shiga lis ɗin CA, mun ga wanda sai ya ce ki same ni a ofis bayan la'asar. Ba kowa ne irin Malam ba. A ba wa irin waɗancan damar su ce sai kin dawo sau uku? Allah ya kiyaye.

Malama Mai Turanci:
'Yata maganarki gaskiya ce kuma duk wanda ya ce babu wannan bai zauna a makaranta ba. Sai dai ina so ki san lambar nan da kike jin ta kare ki ba ta da tabbas ɗin da kike zato. Tun 1912 wasu masu bincike biyu a Amurka, Starch da Elliott, suka ɗauki takardar insha'in Turanci ta ɗalibi guda suka raba wa malamai 142 kowa ya yi mata maki. Takarda ɗaya fa, wani ya ba ta 50 wani ya ba ta 97. Aka ce ai don insha'i ne, da shekara ta zagayo suka maimaita da takardar lissafi, tazarar ba ta ragu ba. Ni kaina na san takardar da na duba da safe bayan na karya da wadda na duba ƙarfe sha ɗayan dare ba hannu ɗaya ne ya duba su ba. Abin da zai kare ki shi ne a rubuta sharuɗɗan tun ranar farko a manna, kowa ya san me ake nufi da "ya iya", a nuna samfurin amsar da ta ci da wadda ba ta ci ba, a dawo miki da takardarki a hannu, kuma sake gwadawar a aji za a yi gaban kowa ba a ofis ba.

'Yar Aji Uku:
Mama dawo da takarda? Shekarata uku a makarantar nan ban taɓa ganin takardar tes ɗina ba bayan na miƙa ta. Sai dai ka ga lamba a allon sanarwa, wani lokacin ma sai bayan an gama jarrabawa.

Malamin Lissafi:
Wannan kam ban da bakin kare mu, har da ni a ciki.

Malama Mai Turanci:
To ai ko wannan kaɗai aka gyara an yi rabin aikin. Ni abin da nake yi a SS2 yanzu, insha'in farko ba na sa maki ko kaɗan, layi biyu nake rubutawa, abu ɗaya da ka yi daidai, abu ɗaya da za ka gyara. Ka gyara ka dawo da shi sannan in sa maki. Dalili, da can ina ɓata dare ina jan jan biro, in raba takardu yaro ya kalli kusurwar sama ya ga 6/10, ya leƙa ta maƙwabcinsa, ya ninke ya cusa a jaka, wata ma a ƙasan benci zan tsince ta. Akwai wata mai bincike Ruth Butler da ta gwada wannan a 1988 da yaran firamare, ta raba su uku, wasu maki kaɗai, wasu sharhi kaɗai, wasu maki da sharhi tare. Masu sharhi kaɗai ne aikinsu ya inganta. Masu maki da sharhi tare kusan daidai suka tashi da masu maki kaɗai, wato da zarar lamba ta bayyana sharhin ya mutu. Satin farko yarana har bore suka yi min, Malama ba ki sa mana maki ba, kamar na ci musu kuɗi.

Abu Walid:
Malama duk wannan na ji, amma WAEC ba ta san sharhi ba. A1 zuwa F9 ne, in ba ka da kiredit biyar har da Turanci da lissafi ba inda za ka. JAMB kuma maki 400 ne kwamfuta ce take dubawa. Jami'a ma 4.50 fes kilas, 4.49 ba fes kilas ba. Da gwamnatin Kano ta tashi tura yara karatun digiri na biyu ƙasar waje a 2023 masu fes kilas ta nema, ba ta ce a kawo sharhin malami ba. Kada ku saba wa yara da lallashi su fita su tarar duniya da sikeli take jira.

Dakta Abu Sumayya:
Na daɗe ina karantawa, yanzu na fito daga ɗakin tiyata. Alhaji Abu Walid yana da gaskiya ta wani ɓangaren, bari in kawo misali. A Amurka jarrabawar likitoci ta matakin farko da can lamba ake bayarwa, yara suna kashe kansu a kanta don da ita asibitoci suke zaɓar wanda za su ɗauka horo. A 2022 aka mayar da ita ci ko faɗuwa kawai. Me ya faru? Ido ya koma kan mataki na biyu wanda har yanzu yake da lamba. An gudu ba a tsira ba. Matuƙar kujera goma ce mutum dubu suke nema, sai an samo abin jera su.

Amma Alhaji inda ban bi ka ba shi ne lallashi. Mu a karatun likita 50 ne makin ci ba 40 ba, kuma in ka faɗi ɓangaren duba mara lafiya ko ka cinye takarda ka faɗi. Akwai jarrabawar da muke yi, OSCE, wani Ronald Harden ne ya fito da ita a Dundee ta Sikotland a 1975. Tashoshi ake jerawa, kowacce 'yan mintoci, a nan ka auna hawan jini, a buga ƙararrawa ka matsa, a can ka ɗauki tarihin ciwo daga bakin mutum, a gaba ka karanta hoton ƙirji. Mai dubawa yana riƙe da takarda, ya wanke hannu? ya gaishe da mara lafiya ya nemi izini? ya ɗaura abin awon a daidai wurin? Ba ruwansa da ko kai ɗan waye, kuma ba malami ɗaya ne yake yanke maka hukunci ba, mutum goma ne ko fiye kowa da tasharsa. 'Yar Aji Uku kin ga amsar tsoronki a nan. Wannan ya fi zaman rubutu wuya nesa ba kusa ba, don ba a haddace shi daren jarrabawa. Ku tambayi kanku, kuna son likitan da ya ci 40 cikin 100 a ɗaura ruwa?

Mai Gyaran Waya:
Dakta ka gama magana. Ni digiri gare ni 2:2, yau shekara shida ina kasuwar waya ta Farm Centre. Ranar da na je wurin oga na bai tambaye ni CGPA (matsakaicin makina na jami'a) ba, matacciyar waya ya miƙo min ya ce kwance ta ka mayar kada dunƙulen noti ɗaya ya ragu. Sati biyu ina wannan. Sannan wurin caji, sannan sikirin, sai da na shekara kafin ya bar ni na sa iska mai zafi a kan allon wayar kwastoma. In ka ƙona ba F ba ce, kuɗin mutum ne za ka biya. Yanzu yara huɗu ne a hannuna haka nake musu. Kuma na ji hukumar ilimin fasaha ta ƙasa NBTE da ke Kaduna tana da takardar shaidar sana'a ta NSQ da ake bi ta wannan hanyar, mai tantancewa ya zo ya ga aikinka da idonsa, ya rubuta ka ƙware ko ba ka kai ba tukuna. A jami'a kuwa wallahi akwai kwas ɗin da na ci B yau ko sunansa ba zan iya kawowa ba, kwana biyu na yi ban yi barci ba na haddace na je na zubar na fito.

Tsohon Hedimasta:
Yara huɗu ka ce ko? Malam yana da 380. Ku dai kuna ta dawo da ni kan maganata.

Gardin Fagge:
Baba ai tsangayar da na yi mun haura ɗari biyu, alaramma ɗaya ne. Ba shi yake jin biyawar kowa ba. Gardawa ne suke jin ta ƙanana, shi kuma yana jin ta gardawa, lokaci lokaci ya kira kolo ɗaya ba zato ya ce zo ka biya. In ya tarar an wanke wa yaro allo bai iya ba, gardin ne zai sha, ba yaron ba. Malam ba shi da 'yan aji huɗu da masu digiri na biyu?

Jami'in Jarrabawa:
Gardi a takarda ɗalibi ba ya ba ɗalibi makin da zai shiga sakamako, in aka ji sunan Malam ne zai ɓaci. Kuma ka san halin yaranmu, ran da aka ce ɗan aji huɗu ne yake cewa "ya iya", ran nan za a buɗe kasuwa, kati ɗari biyar gida ɗaya. Abin da zan iya ba da shawara, su taya shi zaman aji da raba takardu da bita, hukuncin ya zauna a hannunsa. Sannan ya rage gidajen daga goma zuwa shida, maki 5 kowanne. Huɗu daga ciki ya yi su da gajerun tambayoyi masu amsa ɗaya da za a iya dubawa da kallo ɗaya ko a kwamfuta, biyun da suke buƙatar ganin hanya ya duba da hannu. Sake gwadawa kuma ba kullum ba, rana biyu kacal a samista, kowa ya zo ya ɗauki gidan da ake bin sa. Kuma dan Allah ka rubuta wa shugaban sashe tun kafin a fara, ya sa hannu, kada sai an yi ƙorafi ka fara bayani.

Malamin Lissafi:
Wannan shawarar ta fi tawa. Rana biyun nan ma ta warware matsalar yaron da na fara da shi, da akwai ta da rasuwar ba ta cinye shi ba. Don sifili ɗaya a tsarinmu dutse ne, ku duba fa, daga B zuwa E kowanne tazarar maki biyar ne ko goma, amma F ita kaɗai ta kwashe daga 0 zuwa 39. Kuma a wurinmu ko ka dawo ka ci A a kari-oba, tsohuwar F ɗin tana nan cikin lissafin CGPA har ka fita. Wato mun yarda ka iya yanzu, amma sai mun hukunta ka don ba ka iya da wuri ba.

Abu Walid:
To ai adalci kenan Malam. Wanda ya iya tun farko da wanda sai a karo na uku, a ba su abu ɗaya? Wa zai ƙara dagewa?

Dakta Abu Sumayya:
Alhaji lasisin tuƙinka an rubuta sau nawa ka gwada?

Abu Walid:
Dakta kar ka tona, ni har gida aka kawo min nawa hhhh

Malama Mai Turanci:
Alhaji saba'in ɗin jarrabawa tana nan ai, a can mai ƙoƙari zai yi wa kowa fintinkau. Ko MIT ta Amurka da ake ji da ita, samistar farko ta 'yan aji ɗaya ba a rubuta musu A ko B a takardar sakamako, ci ne kawai, wanda ya faɗi ma ba a nuna kwas ɗin, sai daga baya ake fara lissafi. Ba wanda ya ce yaransu sun lalace. Wani abin da ba mu taɓo ba kuma shi ne asaimen na gida. Ni na daina ba shi maki gaba ɗaya tun da na karɓi insha'i goma sha biyu masu Turancin da ni kaina sai na buɗe ƙamus, ChatGPT ne ya rubuta musu. Yanzu in ka kawo sai ka tsaya minti 2 ka gaya min da bakinka me ka rubuta, ko da Hausa ne. A nan ake ranar wanka.

'Yar Aji Uku:
Mama mu ma wani malaminmu ya yi mana haka a furojet ɗin rukuni, mu takwas, ya ce shi zai zaɓi wanda zai yi bayani kuma makinsa na kowa ne. Wallahi ranar ce kaɗai na ga 'yan rukuninmu sun zauna sun koya wa juna, don akwai wani da ko sunan taken bai sani ba kuma shi aka kira. Mun tsira da 6 cikin 10, har yau ba ma gaisawa sosai.

Tsohon Hedimasta:
Malam tunda ka dage, abu ɗaya zan roƙe ka. Ka ajiye sakamakon jarrabawar bana, tambaya bayan tambaya, baɗi ka yi masu kama da su ka kwatanta. In yaran sun fi na bana a cikin saba'in ɗin nan da ba ka taɓa ba, ka zo nan ka faɗa, ni zan fara cewa na yi kuskure. In ba su fi ba ma ka zo ka faɗa, don mu a 1982 ba wanda ya dawo ya gaya mana komai. Kuma ka kawo min gidajen shidan in gani kafin ka kai wa shugaban naku, ina Gwale, bayan la'asar kullum ina ƙofar gida.

Malamin Lissafi:
In sha Allahu Baba, Asabar zan shigo. Jami'in Jarrabawa kai ma zan turo maka ta waya ka duba min yadda zan jera shi a takardar CA kada kwamiti su ga baƙon abu. Malama ki taimaka min da samfurin sharuɗɗan da kike mannawa.

Abu Walid:
To yaron Kantin Kwarin fa? Duk surutun nan shi yana nan a 38 ɗinsa?

Malamin Lissafi:
Yana nan. Na sake bin takardarsa layi layi da safen nan ko na tsallake wani abu, ban tsallake ba. Zan rubuta wa kwamiti maganar rasuwar in haɗa da sunayen sauran da suka rasa tes da uzuri, su uku ne, in sun yarda a yi musu wani to, in ba su yarda ba zai dawo baɗi ya tarar da sabon tsarin.

'Yar Aji Uku:
Malam dan Allah in 'yan aji uku za su iya shiga masu taya raba takardun a sa sunana, amma ranar Laraba ina da lakca har ƙarfe huɗu.